Gaisuwa da Ƙafa

Shekarata ta farko ina koyar da ilimin kifi a wata jami'a ta Turai, mijin shugabar sashenmu ya rasu. Tsohuwa ce mai tsare gida, kuma sabunta kwantiragina a hannunta yake. Abokan aiki suka zagayo da kati, kowa ya sa hannu, wai shi ke nan an yi ta'aziyya.

Na ce, "Yaushe za mu gidan?"

Maƙwabcin ofishina ya zaro ido. "Kul! Nan ba a zuwa gidan mutum sai da gayyata. Balle ke da takardunki ke kan teburinta, cewa za a yi fadanci kika je."

Maganar ta tsaya mini a rai, don in aikin nan ya kuɓuce sai dai in tattara komatsaina. Na kira Inna a Yelwa, tana bakin bandar kifinta, hayaƙi na sa ta tari, na faɗa mata abin da ake ciki.

"Mi? Gaisuwar mutuwa da takarda? Ke ɗiyar nan, boko ya cinye miki ƙafafu? Ran da babanki ya rasu, tun daga Ngaski mutane sunka shigo kwalekwale, iska na kaɗawa, don kawai su zauna da mu."

To, ni dai ba a haife ni da tsoro ba. Na dafa shinkafa da busasshen kifin da na yi guzuri, na je gidan shugabar na ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe, ta dube ni, ta dubi kular abincin. Na cire takalmi, na sami gefen kafet na zauna. Ban yi dogon Turanci ba, na ba ta haƙuri, na ja bakina. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin jakar da zan fara ɗaurewa. Can sai ta jawo kular ta ɗan taɓa.

Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Kwantiragi kuwa aikina ne ya sabunta shi, wannan ba na tantama.

Bayan shekaru Inna ta rasu. Kafin in sami jirgi an kai ta makwancinta. Ina zaune ni kaɗai a ɗakina a Turai, babu mai ce mini ya haƙuri, kewa kamar ta kashe ni, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar shugabar tamu ce, ta yi ritaya tuni, tana dogara sanda, ɗayan hannun rungume da 'yar tukunyar miya. Ta cire takalmi da ƙyar, ta ƙi kujera, ta zauna a gefen kafet.

Miyar ko gishiri ba ta ji ba. Na shanye ta tas, ina kuka.