Littafin Ƙungiya a Kwandon Banda

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki, har ake sa manya tsallen kwaɗo kan rashin bin layi, ni ce marubuciyar ƙungiyar matan unguwarmu a Yelwa, don mahaifina ya koya mini ajami. Littafi ɗaya muke da shi, mai baƙin bango. Komai na ciki: ranar da muka fara share bakin rijiya, matan da muka raka asibiti haihuwa, da sunayen waɗanda suka dafa wa 'yan jam'iyya abinci lokacin zaɓe.

Sai labari ya fito daga kasuwa, wai ana kama duk wanda ya taɓa jam'iyya. Shugabarmu ta ce, "Malama, ki cusa shi murhu yau."

Na hura wuta, na buɗe littafin. Ga Bisimilla a kan kowane shafi, ga addu'o'in mamatanmu. Hannuna ya ƙi. Kwana uku ina ɗaure da shi a ƙugu. Duk motar da ta tsaya waje sai in leƙa ta kafar ƙofa.

Na rasa wurin zuwa, sai bakin ruwa, wajen wata tsohuwa mai bandar kifi. Ita ta fara tara mu, tun da ruwan dam ya cinye gungunsu, wato tsibirinsu. Amma da na zo rubuta tarihi, na fara da matan ma'aikata, na tsallake ta.

Ta ce, "Ɗiyata, karanto min sunana."

Na sunkuyar da kai. "Babu, Inna."

"To, da mi za su kama ni? Miƙo."

Ta naɗe shi a tsumma, ta tura ƙasan kwando, ta jera banda a kai, ta nufi jirgin ruwa don ta kai shi ƙetare. A mashigar jirgi akwai soja. Ina hangensa ya zura bakin bindiga cikin kwandon, ina ta Hasbunallahu. Inna ta miƙa masa tarwaɗa ɗaya, ta ce, "Kai, yaro, kar ka farfasa min kifi." Ya matsa, jirgi ya tashi.

Har damina ta wuce ba wanda ya tambaye mu. Ranar da Inna ta dawo da littafin na dama tawada a gabanta, na rubuta sunanta a saman shafin farko. Ta sa na karanta sau biyu.

Ta ce, "Awo. Yanzu mun rabu lafiya."