Kwalaben Maɓallan Yaya

Shekara goma sha tara Yaya tana ɗinki a shago ɗaya, can ƙuryar layi inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Takan shiga da sassafe, sai an kunna fitilun titi ta fito. Ni ce ƙanwarta, ni ke kai ta asibiti, ni ce kuma mai baki a gidanmu.

Bayan an yi mata aikin kansar nono, likita ta ɗora ta a kan ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya tana hana ciwon dawowa, amma tana cin ƙashi a hankali. Ɗayar bitamin D ce, mai taimaka wa ƙashin ya riƙe ƙarfinsa. Ta ce kuma ta riƙa fitowa shan hantsi. Yaya ta ce to. Na san wannan "to" ɗin nata, da shi take sallamar masu son kayansu gobe-gobe. Duk wata ni ke karɓo mata kwalaben biyu.

Wata goma sha huɗu bayan aikin, ta sunkuya za ta ɗaga bandir ɗin yadi, ta ji ƙas a bayanta. Ba ta iya miƙewa ba. Maƙwabtan shago ne suka ciccibe ta zuwa mota.

Babu wanda ya furta, amma duk abu ɗaya muke tsoro: kar dai ciwon ya shiga ƙashi. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini, aka ce mu jira kwana uku. Kwana ukun nan ina zaune a gefen gadonta. Ita kuwa tana kwance tana kushe ɗinkin rigar nas, wai hannun ya karkace.

Ranar sakamako likita ta zo bakin gadon, ta daɗe tana duba takarda. Na riƙe ƙarfen gadon.

"Ba kansa ba ce," in ji ta.

Ban gama sauke numfashi ba ta ci gaba. "Amma ƙashin baya ɗaya ya murƙushe. Ƙasusuwanki sun yi laushi kamar na 'yar tamanin, kuma bitamin D ɗin jininki ya kusa ƙarewa. Kina shan ta kuwa?"

"Ina sha," in ji Yaya, idonta a bango.

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ai mu ba sakarkaru ba ne. Na zaro kwalbar bitamin ɗin daga jakarta don in nuna shaida, na buɗe, na zazzage a hannuna. Maɓallai ne, farare ƙanana.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ai ɗayar ƙwayar ce maganin ciwon, ban taɓa fashi ba," ta ce a hankali. "Bitamin na marasa cin abinci ne, ni kuwa ina ci. Kwalbar ce dai murfinta ke da kyau."

Na so in yi masifa, amma sai na mayar da maɓallan cikin kwalbar. Likita ta ce za a fara gyara ƙashin, amma babu taka keken ɗinki sai bayan watanni, kuma dogon zama irin na da ba ta yi alkawari ba. A nan ne Yaya ta yi kuka, ita da ko ranar aiki ba ta zubar da hawaye ba.

Da la'asar na je rufe mata shago. Ga su nan jere a kan kanta, saman keken, kwalabe goma sha uku, kowace da launin maɓallanta. Duk zuwana ina ganinsu. Har na taɓa ce mata, "Yaya, ke dai kin iya adana kaya."