Mai Cewa Zo-Zo

A kasuwar shanu ta Mubi kowa ya san Gabdo mai maganin dabbobi, ba don ingancin maganinsa ba, sai don ribas ɗinsa. In ya saka giyar baya, har masu tallan nono sukan ɗauke ƙoransu su haye tudu.

Da can ba haka yake ba. Lokacin da ya sayo motar, wata tsohuwar Honda mai kyamara a baya, sai da duk 'yan unguwar Wuro Patuji suka leƙa 'yar talabijin ɗin da ke nuna abin da ke bayan mota. Yayansa Adi ne kaɗai ya ƙi leƙawa. Ya ce tun Gabdo na tura amalanke shi ke duba masa baya, ba zai bar wa gilashi aikinsa ba. Kullum da safe sai ya tashi daga bencinsa na ƙarƙashin dalbejiya, ya tsaya bayan motar yana yafito, yana "zo, zo, zo, ya isa!" Gabdo kuwa talabijin yake kallo, a cikinta kuma Adi yake gani, ya cika allon da babbar riga. Ci-gaba ke nan.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari a 2014, Adi ne ya cusa buhun masara da katifa a but ɗin motar, ya danne murfin da ƙarfin tsiya, ya ɗaure da igiyar akuya. Ya fito da motar da zo-zonsa, ya ce Gabdo da iyalinsa su yi garin Gella, shi zai kwance dabbobi ya biyo su. Bai biyo ba, ba a kuma sake ganinsa ba. Tun ranar kyamarar ta mutu.

Da aka dawo, Gabdo ya zama bala'in unguwa. Ya rushe dangar maƙwabci, ya fasa randar Hajjo matarsa, ya ce randar ce ta matso. Da ya take turminta, Hajjo ta ce magana ta ƙare: ko ya gyara idon motar, ko ta miƙa makullin ga ɗansu Yazid ya sayar. Motar da ta fitar da su daga wuta! Gabdo ya ji abin har ƙashinsa.

Ya tafi wurin Ezekiya rewaya, mai gyaran wayoyin mota, da dogon bayani: kyamarar ta ƙone, irinta sai Legas, kada ma ya wahalar da kansa. Ezekiya ya buɗe but, ya zame robar da ke wuyan murfin.

"Baba, kyamara bai ƙone ba. Waya ne ya yanke a nan. Wani ya danne but da ƙarfi ko?"

"Hamma Adi ne," in ji Gabdo, ya juya yana kallon titi.

Ezekiya ya fere bakin wayoyin, ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ya ɗiga dalma, ya naɗe da tef. Ko shayin da Gabdo ya aika a sayo bai iso ba. Shekarun rushe-rushe, ashe abin da ya tsaya musu ke nan.

"Sa ribas mu gani, Baba."

"A gida zan gwada."

A ƙofar gida ya juya motar, don yanzu kowa a Mubi hancin motarsa titi yake kallo, ko da gudu zai sake kamawa. Hajjo ta fito ta riƙe ƙugu, ta zo duba aiki. Ya saka giyar, allon ya kawo tar. Ga katanga, ga sabuwar randa, ga dalbejiya, ga benci. Komai ya fito, har kajin da ke tona a ƙarƙashin bencin.

"To, ka shigo mana," in ji Hajjo. "Makulli naka ne. Me kake jira?"

Gabdo bai ɗaga ƙafa daga birki ba. Idonsa na kan allon, kunnensa na waje.

Hajjo ta dube shi, ta dubi bencin. Ta saki ƙugu, ta taka a hankali ta tsaya bayan motar, ta ɗaga hannu.

"Zo," ta ce. "Zo, zo."