Ɗanyar Ƙasa a Ƙofar Biro

Tun hantsi yake tsugune a ƙofar biron kumandan, wato ofishin Nasara mai mulki, nan Dogon Dutsi. Dattijo ne siriri, tafin hannunsa duk kanta. Ina jin mahaƙin rijiya ne. A gabansa akwai ƙwarya rufe da tsumma, yana kare ta daga rana da inuwar jikinsa.

A ciki ana shawarar inda za a haƙa wa ƙauyensu rijiya. Ni da nake akawu a biron na ga taswirar, irin wadda aka koya mana a makaranta a Dakar. An riga an sa alama a kan tudu, bakin hanyar mota.

Gardi, dogarin kumandan, ya fito, dattijon ya miƙe ya buɗe ƙwaryar. Ɗanyar ƙasa ce, baƙa.

"Ranka shi daɗe, daga fadama na haƙo ta, gaba huɗu kaɗai. Tudun nan ubana ya gwada, dutse ya iske. A kai ma Nasara shi taɓa."

Gardin ya ce, "Baba, 'to' aka kira ku ku ce. Zamna."

Ya koma ya tsuguna. Shi ɗin dai za a tilasta wa fasa tudun. Jefi-jefi yana sa yatsa cikin ƙwaryar. Ƙasar ta fara bushewa.