Inna Zalika, Wadda Ta Hana Ni Magani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Janairu 2025, ina tsaye ana sauke mini siminti, aka kira ni aka ce Allah Ya yi wa Hajiya Zalika Zakari rasuwa, tsohuwar ungozomar likita mai ɗan shagon magani a nan Dogon Dutsi. An yi mata sutura a Matankari bayan la'asar.

Inna Zalika, ni ban saba a ce mini a'a ba. Na bar kwaleji a aji uku, na fara da tura baro, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Ke kaɗai kika taɓa hana ni abin da na zo saye.

Da izinin mai ɗakina Bushira nake faɗin wannan. Shekara shida ke nan ta kamu da abin da mata ke kira sanyi: ruwa mai ƙarni, da kunyar da ta hana ta shiga mutane. Mu nan namiji ke zuwa sayen magani, ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. Na sayo mata kafso wurin masu talla ranar kasuwa, tana ta wanki da sabulu da ruwan bagaruwa. Ya lafa, ya dawo. Abokai suka ce irin wannan daga waje ake kwaso shi, ni kuma na san ba ni ba ne. Na rubuta takardar saki. Tana aljihuna ranar da na zo wurinki.

Na ce, "Inna, ba ni maganin sanyi, mai ƙarfi."

Kika dube ni ta saman tabarau. "Kai ke da sanyin, Alhaji?"

"Mai ɗakina ce."

"To ta zo da ƙafarta. Ba na duba mace a bakin mijinta. Kai ma sai ka ga fili kake faɗin simintin da zai ci."

Na fita ina zage-zage, amma washegari na kawo ta. Kika tura ta awo, kika ba ta maganin da ya dace, kika hana ta wankin nan. Sannan kika ja ni gefe kika ce, "Wannan ba ciwon yawo ba ne, ɗana, har budurwar da ba ta san namiji ba yana kamawa. In ka ƙulla wani abu a ranka, kwance shi." Ranar na yaga takardar.

Ban taɓa dawowa na gode miki ba. Daga mota nake ɗaga miki hannu, ina cewa wata rana.

Da muka dawo daga gaisuwar rasuwarki na kasa riƙewa, na faɗa wa Bushira zancen takardar. Ta ce ta gan ta tun lokacin, kuma ta faɗa miki tana kuka. Ashe kin sani, Inna. Shekara shida kina amsa gaisuwata, ba ki taɓa nuna mini a fuska ba.

Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana. Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yazid da Lubabatu da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri. Godiyar da na hana mahaifiyarku, ku karɓa a madadinta, ku yafe mini.

Alhaji Rabilu Ado, mai siminti, Dogon Dutsi