Verna Kangas da Barewar da Ba a Harba Ba

Ƙarfe shida da rabi na safe Verna Kangas take buɗe shagonta, ba don akwai mai sayen baka a wannan lokaci ba, sai don ta san in ta makara Glenn Poirier da abokan hirarsa za su taru a bakin ƙofa suna ƙorafin sanyi kamar ita ta kawo shi. Tana shiga sai ta hura murhun itace, ta ɗora kofi, sannan ta bi bakunkunan da ke rataye a bango tana goga wa tsirkiyoyinsu kakin zuma. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan hidima a ɗan shagon nan da ke manne da mahautar ƙanin mijinta, a ƙarshen titin da ya gangara Tafkin Superior. Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aiki, don yatsunta sun fara ƙin lanƙwasuwa.

Duk wanda ya fara farautar barewa da baka a garin nan, ta hannunta ya bi, kuma ban san mutum ɗaya da ya ji daɗin ranarsa ta farko ba. Mutum zai shigo ya riga ya gama zaɓe a ransa, ya ga wani baka a mujalla har ya haddace sunansa. Verna za ta saurare shi tsaf har ya kai aya, ta ce to, sai ta sa shi ya ware hannuwa ta auna shi kamar tela. Daga nan ta sa ya nuna wata ƙusa a bango da yatsa, ya rufe wannan ido, ya rufe wancan, don ta gane wane ido ne ke jan ragama. A nan mutane da yawa suka gano cewa su na dama ne amma idonsu bahago ne, wasu har suka yi fushi kamar ita ta musanya musu.

Abin da aka fi tsoro kuwa shi ne ɗakin sanyi. Sai ta sa mutum ya zura ƙatuwar rigar sanyi, ta tura shi inda ake rataye nama a mahauta, ya zauna minti goma cur. In ya fito yana makyarkyata ta zaunar da shi a kujera, ta ce ya ɗage ƙafafu daga ƙasa ya ja bakan a hankali, ban da ɗaga shi sama, ban da cizon leɓe. In ya kasa, to bakan ya fi ƙarfinsa, ko wane ne shi. Dalilinta a fili yake: barewa ba ta zuwa wa mutum a shago mai ɗumi. Tana zuwa ne bayan ya yi awa uku zaune a daji kafaɗarsa ta sandare, kuma wanda ya tsaya kokawa da bakansa a lokacin, a ciki zai soke ta ko a cinya, ta faɗa fadama ta kwana biyu tana mutuwa. Verna ta taɓa yin haka da hannunta tana da shekara goma sha tara, da bakan mahaifinta. Ba ta son ba da labarin, ni ma ba zan ba da shi ba.

Ke ce, Verna, kika mayar da faston cocinmu gida hannu wofi har sau biyu, ranar Lahadi kuma kika zauna a sahun gaba kina kallonsa ido cikin ido. Ke ce kika tuƙa mil arba'in cikin dusar ƙanƙara don gyara tsirkiyar wani bawan Allah da ba ma a wurinki ya saya ba. Mai taurin kai, mai taushin hannu. Mun yi gulmarki da yawa a garin nan, amma duk wanda ya tashi saya wa matarsa ko surukinsa baka, ƙofarki yake ƙwanƙwasawa.

Amma labarin Arlo Tervo nake so in ba da, don shi ne wanda ya tsaya mata a rai.

Arlo mai saran katako ne, ƙato, wuyansa kamar na bijimi. Shekara arba'in da biyar bai taɓa fashin ranar buɗe farautar bindiga ba, sha biyar ga Nuwamba, kuma duk shekarun nan bai raga wa masu baka ba wajen ba'a. Sai ga shi bara waccan, a ƙarshen Agusta, ya turo ƙofar shagon, su Glenn na zaune, ya ce baka yake so, mai nauyin ja laba saba'in, irin na maza.

Glenn ya ajiye kofinsa ya ce, "Arlo, ko dai ƙofa ka ɓata? Mahauta ce ta gaba."

"Kai dai sha kofin banzarka, tunda ba biya kake yi ba."

Verna ta miƙe. Ta miƙa wa Arlo rigar sanyi ta nuna masa hanya, ya tafi yana gunaguni. Da ya fito ya zauna ya ɗage ƙafafu, mai laba saba'in ko rabi bai kai ba. Ta ba shi mai sittin, ya yi nishi, hannu ya kama rawa, ya saki. Sai a mai arba'in da biyar tsirkiya ta iso masa kunci lafiya. Glenn ya ce ai irin wannan surukarsa take harbin kwali da shi a bayan gida, kuma ita ba ta nishi. Aka kwashe da dariya. Arlo ya ajiye bakan a hankali ya fice, ko ƙofa bai ja ba. Verna ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, don ta ga yadda leɓensa ya sauya launi, ta kuma ji irin numfashin da yake ja.

Washegari tana isowa ta tarar da shi tsaye a ƙofar baya, hularsa a hannu. A nan ya gaya mata abin da ko Glenn bai sani ba. Ciwon zuciya ne. An sa masa ranar tiyata huɗu ga Nuwamba, kuma likita ya ƙi yi masa alkawarin zai sake komawa daji. Ranar da za a buɗe farautar bindiga yana kan gadon asibiti, in ma yana da rai. Ta baka kuwa ɗaya ga Oktoba ake buɗe ta, shi ya sa ya zo.

Kunya ta rufe Verna, ta tuna mai ciwon zuciya ta tura ɗakin sanyi jiya har aka yi masa dariya. Ta ce ya ɗauki irin bakan nan mai kunama da ake saɓawa a kafaɗa, ba ya buƙatar ƙarfi. Ya ce wannan ai bindiga ce ta ari kayan baka, shi ba ya so. Ya roƙe ta ko mai sittin ne ta ba shi, zai saba, don kibiya ta riƙa kai nesa.

Ta ce, "Mai arba'in da biyar, shi ma sai likitanka ya yarda. Ka riƙa zuwa nan baya kullum kafin waɗancan su iso. Sannan taku ashirin, Arlo. In ta tsaya a ashirin da ɗaya, ka bar ta ta wuce."

Ya dube ta ya ce, "Ko da ita ce ta ƙarshe?"

"Ko da ita ce."

Da bakinta ta faɗa, amma ta ce mini daga baya ba ta taɓa furta maganar da ta yi mata nauyi kamar wannan ba. Wata guda suka yi suna haɗuwa a bayan shago da sanyin safiya, kibiya shida ya huta, wasu shida ya huta, har ya zama yana tara su wuri ɗaya kamar faɗin faranti. Ana saura kwana biyu a buɗe farauta ta tafi da kanta bakin fadamar da yake zama, ta taka taku ashirin daga maɓoyarsa ta kowace fuska, ta ɗaura jan ƙyalle a jikin itatuwa don kada ido ya yaudare shi.

Oktoba ta zo ta wuce bai samu komai ba. Wata rana iska ta juya, wata rana barewa ta bi can nesa, wata rana jikin ne ya ƙi. Verna ba ta tambaya, amma duk motar da ta tsaya a ƙofar mahauta sai ta leƙa.

Ranar da aka shiga da Arlo ɗakin tiyata Glenn ya zo shagon shi kaɗai, bai ko taɓa kofi ba. Zuwa lokacin ya riga ya sani, don matar Arlo ta hana mijinta shiga daji shi ɗaya, Glenn ne ke raka shi. Ya ce shekaranjiya da hantsi namijin barewa ya fito musu, mai ƙaho reshe goma, irin wanda mutum yake gani sau ɗaya a rayuwa. Ya tsaya ya ba su haƙarƙari, taku bakwai ko takwas bayan jan ƙyallen. Arlo ya ja baka ya riƙe, ya riƙe, sannan ya sassauta ya sauke. Barewa ta yi tafiyarta.

Glenn ya ce, "Da kin ba shi abin da ya nema da yanzu tana rataye a nan. Kin hana mutum barewarsa ta ƙarshe, Verna."

Ba da wasa ya faɗa ba. Verna ta ciro wani baka da ta riga ta gyara da safe ta sake gyara shi.

Arlo ya tashi, Allah ya yi da sauran kwana, amma daji ya ƙare masa. Yanzu ko zuwa bakin titi ɗauko wasiƙa sai ya tsaya a hanya ya huta. Barewar nan ita ce ta ƙarshen kuwa. Ku kuma kun san halinmu a nan: mutum zai sare maka itacen hunturu gaba ɗaya, amma ya buɗe baki ya gaya maka abin da ke ransa, sai dai ka gaji da jira. Shi da Verna suna haɗuwa a coci su gaisa, su yi zancen ƙanƙara, kowa ya shiga motarsa. Verna ta ci gaba da tura mutane ɗakin sanyi, don har gobe ta san dokarta daidai ce. Sanin bai hana abin ci mata rai ba. Ta ɗauka Arlo na riƙe da ita a rai, kuma a ganinta yana da hujja.

To, Asabar aka yi mata taron sallama a zauren ƙasa na coci. An kawo burodi mai cushen nama da dankali, da tsiren barewa, kowa ya tashi ya ba da labarin yadda ta kunyata shi, ana ta dariya. Har an fara tattara faranti sai Arlo ya dafa tebur ya miƙe. Na ga Verna ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta.

Ya ce shi ba mai iya magana ba ne, abu ɗaya zai gyara. An daɗe ana cewa Verna ta hana shi barewa, kuma da farko shi ma haka ya ji, don a hanyar gida ranar nan ya zage ta a ransa zagi mai kyau. Sai da aka kwantar da shi ana shirin sa masa maganin barci ya yi lissafin abin.

Ya ce, "Hannuna rawa yake yi ranar nan, Glenn ya gani, ya yi shiru ne kawai. Da na saki, a ciki zan same shi. Ni da ko taku ɗari ba na iya yi, wa zai bi jini cikin fadama? Da an yanka ni ina tunanin akwai dabba can kwance da kibiyata a jikinta. Amma abin da na gani kafin barci ya ɗauke ni, shi ne yana tafiya lafiyarsa lau, ƙaho a sama. Da wannan na shiga, Verna. Ban ji tsoro ba."

Glenn ya tsura wa takalminsa ido. Verna ta ɗago kai, hawaye na bin kuncinta, ba ta ko share ba.

Ta ce, "Shekara biyu, Arlo. Gidanka da shagona minti huɗu ne a mota."

Ya ce, "Ai na ɗauka kin sani."

Ba ta sani ba, kuma laifinmu ne gaba ɗaya, don mu ma haka muka yi ta ɗauka shekara talatin da huɗu. Duk mai sana'a ya dubi matar nan ya koyi cewa a'a in a'a ita ce gaskiya, ko da wanda ke gabansa yana ba shi tausayi. Wanda kuma yake da irin Verna a garinsa, kada ya yi irin ta Arlo ya zauna da godiya a ciki yana zaton an sani. Ya tashi ya je, ba nisa. Mun gode, Verna. Mun makara, amma ga shi mun faɗa kina ji.