Duna da Ƙafar Ɗiyata

A shekarun da Nasara ba su daɗe da cin ƙasar nan ba, ni matar aure ce mai ƙuruciya a Alelu, da ɗiya ɗaya tal wadda Allah ya bar mini bayan na binne biyu. Mijina manomin albasa ne, mai sanyin hali, wanda ko akuya ta shiga gonarsa sai ya lallashe ta ta fita. Ni kuwa baki gare ni da taurin kai, ba a gaya mini magana in haɗiye ban mayar da martani ba. Yau tsufa ya zo, ido ya yi rauni, faɗa nake ana rubuta muku, don abin ya daɗe yana cina a rai.

Wata ranar kasuwar Jega mijina ya kai albasa, ya dawo da ɗan kwikwiyo a cikin mangala. Wani Bafulatani abokin cinikinsa ne ya ba shi. Ruwa biyu ne: uwarsa karyar ruga, ubansa kuwa ƙaton karen wani Bature da ya taɓa yada zango a bakin gulbi. Ya ɗauko dogayen ƙafafun uwar, ya ɗauko ƙirji da ƙaton kan uban, ga shi baƙi wuluk, sai muka sa masa Duna. Don gadin albasa a fadama aka kawo shi, amma tun ranar farko ya liƙe wa ɗiyata, ita ma ta liƙe masa, sai ya tare a gida. Maƙwabta suka yi ta surutu, wai kare a gidan Musulmi. Na ware masa kaskonsa, na hana shi shiga ɗaki da kusantar tabarmar salla, sauran surutun kuma na toshe kunnena.

Da ya girma, ba ya jin maganar kowa sai in ya ga dama. Amma a kan yarinyar nan ba ya wasa. Ya taɓa kashe gamsheƙa a gabanta tana tsinkar lawashi, tun daga ranar na daina ganinsa a matsayin dabba. Ba wanda ya isa ya ɗaga mata hannu. Ni kaina in na zaro muciya zan tsorata ta, sai ya shiga tsakaninmu yana gurnani, ni kuma in fashe da dariya. Gaskiya ina jin daɗin yadda ake tsoron gidana. Ranar da ya kori mai tallar nono har ta zubar da ƙwarya, sai da na yi mako ina ba da labari. Mijina ya sha ce mini a riƙa ɗaure shi, a hore shi ya san baƙo, ni kuma in ce masa ai a gidan nan gara a samu namiji ɗaya mai zafi. Da wasa nake faɗa, shi ma murmushi kawai yake yi.

Da damina ta kankama, dagaci ya aiko a ɗebi maza su yi dakon kayan Nasara zuwa wajen Yawuri, har da mijina, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Bai jima da tafiya ba ɗiyata, wadda a lokacin take famfara, ta faɗo daga kan jaki a hanyar gona, ƙashin cinyarta ya karye. Wan mijina ya tafi Aliero ya zo da maɗori, wani dattijo da aka yarda da hannunsa. Yana shigowa ya ga Duna kwance a ƙofar ɗaki, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, a hidda karen ga can nesa, inda ba shi jin kukan yarinya." Na ce to, baba. Amma maimakon in kai shi fadama, sai na zagaya da shi bayan rumbu na ɗaure da igiyar kaba, ina ganin ai ko ya tashi, tsawata ɗaya ta ishe shi.

Dattijon ya jera kararensa da tsumma, ya sa aka riƙe yarinya, ya yi bisimilla ya ja ƙafar. Ta ƙwalla ƙara tana kirana. Ban ji tsinkewar igiya ba, na dai ga baƙin abu ya wuce ni. Na daka tsawa har muryata ta shaƙe, ko waiwayowa bai yi ba. Hannun dama ya kama, hannun da ake ɗorin da shi, sai da wan mijina ya sa taɓarya kafin ya saki. Dattijon bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe hannun da rawaninsa, jini na ɗiga, ya ce ƙanensa zai zo ya ƙarasa aikin, amma ba wani ɗan gidansu da zai taka gidan nan matuƙar karen na da rai.

A nan ne na yi abin da ya fi cizon muni. Wan mijina ya ce a kira maharbi tun rana ba ta faɗi ba. Na kasa. Ina ganin Duna bai yi komai ba sai abin da na saba yaba masa a kai, ga mijina ba ya nan, gida daga ni sai yarinya kwance. Na ja shi har wata ruga wajen Kimba, na roƙi matar ardo ta ɗaure mini shi, na dawo na ce wa wan mijina an gama. Aka aika Aliero. Ranar da ƙanen maɗorin ya iso, yana sauka daga jaki, sai ga Duna ya ɓullo ta danga da guntun igiya a wuya, duk jikinsa laka, ya wuce ya kwanta a ƙofar ɗakin yarinya. Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ashe wannan shi na gawar da anka hwaɗa muna." Ya hau jakinsa ya juya, ina binsa ina kuka har bakin gari, bai tsaya ba.

Bayan nan ruwa ya ɓalle, rafuka suka cika, hanya ta yanke. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe yarinyar, ta daina kuka sai nishi. Duna ya ƙi cin abinci, yana kwance yana kallon ƙofa. Da kaina na je na kira maharbi. Ya ce ba wanda zai iya kusantar karen nan sai ni. Da hantsi na ɗauki kaskonsa na kira sunansa, ya biyo ni cikin daji yana kaɗa wutsiya, don ya daɗe ban kira shi da murya mai daɗi ba. Na ajiye masa tuwo a gindin wata kirya, kusa da inda maharbin ya laɓe, ya sa baki, na juya na tafi. Na ji kukansa sau ɗaya.

Da hanya ta buɗe, dattijon da kansa ya dawo tare da ƙanen, hannunsa a naɗe. Ya shafa cinyar da hagu, sannan ya ce ƙashi ya riga ya kama a karkace, kuma yarinya ba ta da ƙarfin da za a sake karya shi. Shi ma daga baya na ji yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Mijina ya dawo da kaka, a rame, ya ga ɗiyarsa tana dogara sanda, ya ga ba Duna. Ya shiga ɗaki ya zauna.

Ku masu ajiye kare a gida, musamman irin mai ƙarfi da kishin iyali, ku hore shi tun yana ƙarami, ya san baƙo, ya san tsawa. Kada ku yi dariya in ya yi wa mutum gurnani, don shi yabo yake ji. Bai san bambancin mai cuta da mai magani ba, kuka kawai ya sani. In kuma ta kai ga zaɓi tsakaninsa da lafiyar ɗan'adam, kada ku tsaya jinkiri. Ni na tsaya, na rasa karen, ban kuma ceci ƙafar ba.

Ɗiyata ta rayu, ta yi aure a Maiyama, yanzu har da jikoki. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar nan ba, ko da fuska. Duk sallah takan zo gaishe ni, kuma ko da idona ya daina gani sosai, ba sai ta yi sallama nake gane ita ce ba. Tun daga zaure nake jin ƙafa ɗaya ta taka, ɗayar tana jan ƙasa.